Tsohon takalmin Kobe 4: aiki ake saya ko suna?

Duk inda 'yan ƙwallon kwando suka zauna hirar takalma, da wuya a tashi ba a ambaci Kobe 4 ba. Kamfanin Nike ya fitar da shi tun a ƙarshen 2008, amma har gobe samarin da suke rarrafe a lokacin suna neman sa ido rufe, wasu ma sai sun yi wata da watanni suna tari kafin su kai ga kuɗinsa. Tambayoyin da ake ta maimaitawa guda biyu ne: har yanzu ana iya wasa da shi kuwa? Kuma ya kai kuɗin da ake cewa a biya? Ba za a samu amsa mai kama hankali ba sai an raba abubuwa biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai tsarin takalmin, wato yadda aka zana shi aka harhaɗa shi. Akwai kuma ainihin ƙafar takalmin da ke hannunka, wadda aka ƙera a wata shekara, ta kwana a wani sito, ta bi ta ƙafar wani ko ba ta bi ba. Tsarin bai tsufa ba. Wanda ke hannunka kuwa kullum tsufa yake yi, ko ana saka shi ko yana kwance cikin kwali.

Kafin 2008, abin da kowa ya sani shi ne ɗan kwando takalmi mai dogon wuya yake sakawa, wanda ya rufe idon sawu. Masu horarwa sun yarda da haka, iyaye sun yarda, kamfanoni ma a kan haka suke talla. Ba wai ba a taɓa ganin gajeren wuya a fili ba. Steve Nash ya daɗe yana wasa da irinsa, Gilbert Arenas ma Adidas ta yi masa nasa a 2006, sai dai ana yi musu kallon masu ra'ayin kansu ne kawai. Kobe Bryant, tauraron ƙungiyar Los Angeles Lakers wanda takalmin ke ɗauke da sunansa, ya yi ƙuruciyarsa a Italiya, inda mahaifinsa Joe Bryant ya buga wasa, kuma a can ya shaƙu da ƙwallon ƙafa. Hujjar da ya kai wa mai zana masa takalma, Eric Avar, ba ta da wuyar fahimta: ɗan ƙwallon ƙafa yana gudu, yana yanka, yana juyawa na minti 90 da but ɗin da bai kai idon sawu ba, to me zai hana ɗan kwando? Ya nemi a yi masa mafi gajarta kuma mafi rashin nauyi da za a iya. Abin da ya fito nauyinsa kimanin giram 330 ne, aka sa masa dala 120.

Da wannan takalmin Kobe ya zuba maki 61 a filin wasa na Madison Square Garden da ke New York ranar 2 ga Fabrairun 2009, ya wuce maki 60 da Bernard King ya kafa a filin tun 1984. Da shi kuma Lakers suka doke Orlando Magic wasa 4 da 1 a watan Yuni, Kobe ya ɗauki kofinsa na huɗu, ya zama gwarzon zagayen ƙarshe a karon farko. Daga nan gardama ta mutu a kasuwa. Kobe 5 ya biyo baya ya ƙara sauƙin nauyi zuwa kusan giram 300, sauran kamfanoni suka bi sahu, yau kuma idan ka kalli ƙafafun 'yan NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, gajeren wuya ne ya fi yawa.

Duk da haka akwai wanda har yanzu zai ce maka gajeren wuya targaɗe yake jawowa, kuma ba na ganin laifinsa, domin a ido maganar tana da ma'ana. Amma tun 1993 aka wallafa wani bincike a Amurka da aka yi a kan ɗalibai 622 masu buga kwando, aka raba musu dogon wuya da gajere, ba a ga wata alaƙa mai ƙarfi tsakanin tsayin wuyan takalmi da gurɗewar idon sawu ba. Wani binciken da aka wallafa a 2001 daga Ostireliya, bayan an bibiyi shigar 'yan wasa fili sama da sau 10,000, ya nuna cewa kusan rabin raunin idon sawu wajen dira yake faruwa, sau da yawa a kan ƙafar wani, kuma wanda ya taɓa yin targaɗe ya ninka wanda bai taɓa yi ba kusan sau biyar wajen haɗarin sake yi. Idan mutum mai kilo 90 ya diro a kan ƙafar abokin wasa, 'yar fatar da ta rufe idon sawu ba ta da ƙarfin tare shi. Abin da ke taimakawa shi ne dunduniya ta zauna daram, ƙafa kada ta yi yawo a ciki, ƙasan takalmin kuma ya kasance da faɗi kuma kusa da ƙasa.

A nan ne Kobe 4 ya yi fice, kuma a nan ne nake cewa tsarinsa bai tsufa ba. Ka lura da abin da ke faruwa a cikin daƙiƙa guda idan ɗan wasa ya taho da gudu ta dama, ya dasa ƙafarsa ta dama don ya yanke zuwa hagu. Robar ƙasa ce take fara aiki. Ta Kobe 4 tana da zanen ƙayar kifi, layi-layi masu lanƙwasa, kuma a kan katako mai tsabta tana cije ƙasa nan take. Da ta cije, jikin mutum bai tsaya ba tukuna, nauyinsa gaba ɗaya yana tura ƙafar zuwa gefen waje, wajen ƙaramin yatsa. A daidai wurin an ɗan fito da ƙasan takalmin waje, ya yi faɗi, don kada ya kife. Saman takalmin kuma yana da siraran zaruruwan da Nike ke kira Flywire, waɗanda aka fara gani a takalminta na Hyperdunk lokacin gasar Olamfik ta Beijin a 2008, suna riƙe gefen ƙafa ba tare da an lafta fata mai nauyi ba. A baya akwai ƙoƙon dunduniya mai tauri da ke hana dunduniya zamewa, a tsakiyar tafin kuma akwai ɗan farantin kabon da ke hana takalmin murɗewa. Duk wannan ya gama aiki kafin ɗan wasan ya ɗaga ƙafar hagu. Takalman da ake yi yau sun sauya kayan haɗi, amma wannan lissafin shi suke bi har yanzu.

Inda yake da rauni tun ranar farko shi ne shanye dira. A dunduniya an sa jakar iska ta Zoom Air, wadda ke cike da iska mai matsi da zaruruwa a miƙe a ciki, tana lotsawa ta dawo da sauri. Wannan ɓangaren ba shi da matsala. A gaba kuwa, ƙarƙashin tushen yatsu, soson Lunar aka sa, sabon abu a lokacin, mai taushi da rashin nauyi. Duk wanda ya yi wasa da takalman Lunar na farko-farko ya san halinsa: daɗi a makonnin farko, daga nan ya kwanta ya ƙi tashi. Ɗan kwando kuwa a kan gaban ƙafarsa yake rayuwa, nan yake tashi, nan yake dira, nan yake birki. Saboda haka ko a 2009 wanda ya ba takalmin wuya sosai yakan ji gabansa ya mutu tun sama bai ko yage ba.

To ina ga ƙafar da aka ƙera a 2008 ko 2009, wadda ta haura shekara 15 a duniya? Direbobi sun san wannan darasin a kan taya. Taya za ta zo zanenta cike, ba ta taɓa hawa kwalta ba, amma gogaggen direba sai ya sunkuya ya karanta shekarar da aka buga a gefenta, domin ya san roba tana mutuwa ko a ajiye take. Takalmin kwando ma haɗin roba ne da soso da gam. Robar ƙasa tana bushewa ta yi tauri, ta fara sheƙi, ta koma santsi a inda da take cizo. Soson tsakiya na Kobe 4 irin Phylon ne, wato soson roba na EVA da aka matse a cikin zubi, don haka ba ya rugurgujewa ya zama gari kamar yadda tsofaffin Air Jordan 3 da 4 ke yi, waɗanda sosonsu na foliyuretan ne da danshi ke cinyewa. Nasa tsufan daban ne, taurarewa yake yi ya daina dawowa. Gam kuma shi ne babban abin tsoro. Yana bushewa a ɓoye, babu alamar da za ka gani daga waje, sai ranar da ka dasa ƙafa da ƙarfi ƙasan ya rabu da sama. Rabuwar tafi a tsakiyar yanka ba asarar kuɗi ba ce kaɗai, gwiwa da idon sawu ne a kan layi. Zafi yana gaggauta duk waɗannan, kuma takalmin da ya kwana cikin kwantena ko shagon kwano a watan Afrilu ya sha zafin da ya ishe shi.

Hukuncina a kan na asalin 2008 ba shi da kwana-kwana: kada a yi wasa da shi. Ko da sabo ne dal a kwalinsa. Hasali ma wanda ba a taɓa sakawa ba yakan fi yaudara, domin kyawunsa yana sa mutum ya saki jiki. Kayan tarihi ne, kuma yana da darajarsa a haka ga mai son Kobe da mai tara takalma. Idan tafin ya ɗago, shumeka zai iya kankare tsohon gam ya sake mannawa, a saka a je ɗaurin aure ko kallon wasa. Amma shumeka ba ya iya dawo da ran soso, kuma ɗinkin da ake zagaya wa tafi da zare, wanda ke ceton takalmin makaranta, a nan huda soso yake yi, wani lokaci har da jakar iskar.

Nike da kanta ta san tsarin yana da sauran aiki, shi ya sa ta dawo da shi. A 2018 ta fara fitar da tsofaffin takalman Kobe da sunan Protro, tsohon zane da sababbin kayan ciki, ta fara da Kobe 1. A Fabrairun 2019 Kobe 4 Protro ya fito a kan dala 175, na farkonsa da launukan Charlotte Hornets, ƙungiyar da ta zaɓi Kobe a lamba 13 a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 1996 kafin ta musanya shi da Vlade Divac. An cire soson Lunar daga gaba. Waɗanda suka yanka takalmin gida biyu don su ga cikinsa sun tarar da jakar Zoom a dunduniya, gaban kuma Phylon ne zalla. Ma'ana ya fi na asali daɗewa bai kwanta ba, amma ya fi shi tauri. Ɗan wasa marar nauyi mai son ya ji ƙasa a tafinsa zai so haka. Mai jiki, ko mai yawan tsalle, ko wanda gwiwarsa ta fara yi masa magana bayan wasa, zai ji a jikinsa. Kuma a gaskiya dala 175 kuɗi ne mai yawa a kan takalmin da babu komai a gabansa sai soso, alhali a shekarar akwai waɗanda ba su kai shi tsada ba kuma suna da jakar iska a ƙarƙashin yatsu. Tun daga nan wani kaso na kuɗin na suna ne.

Sai ranar 26 ga Janairun 2020 ta zo, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Calabasas ta jihar Kalifoniya da Kobe da 'yarsa Gianna da wasu mutum bakwai, duk suka rasu. Duk wani abu mai ɗauke da tambarinsa ya yi tashin gwauron zabo. A Afrilun 2021 yarjejeniyar iyalinsa da Nike ta ƙare, ba da jimawa ba aka daina fitar da sababbi, sai a Maris ɗin 2022 matarsa Vanessa ta sanar da cewa sun sake daidaitawa. A tsakanin nan 'yan wasan NBA da kansu sun yi ta tara Kobe saboda tsoron yankewarsa. Ko bayan dawowar, kaɗan-kaɗan ake saki, su ƙare cikin mintuna, su ɓulla a shafukan sake sayar da takalma irin su StockX da GOAT da farashin da ya ninka na kanti. Babu abin da ya ƙaru a robar ko a soson. Ƙauna ce da alhini da ƙarancin kaya suka hau kan farashin, kuma ban raina ko ɗaya daga ciki ba. Mutumin da ya tashi tsakar dare yana kallon Lakers yana da haƙƙin ya sayi abin tunawa. Abin da nake so kawai shi ne ya san abin da yake biya wa kuɗin, kada ya zaci ƙarin dala 150 zai ƙara masa kamun ƙasa.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ai ƙwararru na saka shi. Gaskiya ne. DeMar DeRozan, Devin Booker da P.J. Tucker duk sun yi wasa da Kobe 4 Protro, kuma takalman Kobe suna cikin waɗanda aka fi gani a NBA shekara da shekaru. Wannan shaida ce mai ƙarfi a kan tsarin. Amma ka dubi inda suke takawa. Daɓen katako ne mai ɗan lotsawa, wanda ke shanye wani kaso na dira kafin ta iso gwiwa. Da gumi ya ɗiga akwai yara da tsumma a gefe suna jira. Kuma yawancinsu ba sa saye, kawo musu ake yi, da ya fara laushi su jefar su ɗauki sabo. Takalmin da ba a bukatar ya wuce 'yan wasanni ba ruwansa da ƙarko.

Mu kuwa a Kano, Zariya, Kaduna, Jos ko Yamai, in ka cire 'yan ɗakunan wasa na cikin gida da manyan ƙungiyoyi da jami'o'i ke samu, a kan siminti ake koyon kwando, a kansa ake bugawa. Siminti ba ya lotsawa, duk dirar da ka yi kai za ta dawo wa. Kuma kaushinsa yana cin roba ba sani ba sabo. Zanen Kobe 4 siriri ne, robar mai laushi ce, domin laushin ne ke ba ta cizo a katako. A siminti wannan laushin shi ne ajalinta. Wajen tushen babban yatsa, inda ake juyawa, nan zanen ke fara shafewa, sai ka ga wuri kamar tafin hannu ya yi sumul alhali sauran takalmin yana ƙyalli. Ga ƙurar hunturu. Idan buji ya kwanta a fili, siraran ramukan zanen suna cikewa, ka ga ɗan wasa kowane minti biyu yana ɗaga ƙafa yana shafe tafin da hannu. A irin wannan filin zane mai zurfi da faɗin rami da roba mai tauri ne ke aiki. Nike tana da irin robar, tana buga mata XDR, an fi samunta a takalman da take yi wa kasuwar Asiya masu alamar EP. Kamfanonin Sin irin su Anta, Li-Ning da Peak ma sun saba da masu saye da ke wasa a waje, don haka da yawa daga takalmansu an yi su ne da siminti a zuciya.

Ga yawancinmu ma ba ta kanti Kobe ke zuwa ba, ta gwanjo yake zuwa, kuma wani lokaci akan yi dace. Idan ka ci karo da shi a rataye a rumfa, an wanke shi fes an cusa masa takarda ya miƙe, mai kaya zai ce maka, “Ɗan samari, wannan yau na fasa dilarsa, ko ƙasa bai taka sosai ba.” Ka ce, “To Alhaji, bari in duba,” ka nemi wuri ka zauna, domin dubawar tana son natsuwa. Fara da 'yar takardar da ke manne a ciki, wadda aka rubuta lamba a kai. Akwai kwanan wata biyu a jikinta da ke nuna lokacin da aka ƙera shi. In ka ga 08 ko 09, ka san matsayinsa. In 18 ko 19 ne zuwa sama, Protro ne, a ci gaba. Zare shimfiɗar ciki, ka sa babban yatsanka a daidai inda tushen yatsu ke zama, ka danna da ƙarfi. Soso mai rai zai ɗan shige ya turo ka. Wanda ya mutu za ka ji shi kamar katako, ko ka tarar da rami ya riga ya zauna da siffar ƙafar mai shi na farko. Juya gefensa ka dubi soson tsakiya a haske: ƙananan tamoji ba komai, amma layuka masu zurfi da suka taru wuri guda suna nuna inda ya karye. Daga nan ka kama baki da dunduniya ka lanƙwasa a hankali kana kallon layin da roba ta haɗu da sama. Idan bakin ya buɗe ko da na shigar farce ne, gam ya fara sallama. Ka kai hanci kusa, sabon gam yana da wari, kuma warinsa yana gaya maka an riga an yi masa aiki. Sai ka murza farce a robar ƙasa ka ji ko tana kama farcen ko zamewa yake yi. A ƙarshe ka ajiye ƙafa biyun a kan benci ka tsuguna ka hango su ta baya. Wanda ya karkata gefe guda ya riga ya koyi tafiyar wani, kuma zai karkatar da kai.

Kada a manta da gwaji a ƙafa, da safar da ake wasa da ita. Takalman Kobe matsattsu ne, an yi su ne su kama ƙafa kamar but. Da yawa daga cikinmu da muka tashi da silifas da takalmin fata buɗaɗɗe ƙafarmu tana da faɗi a gaba, kuma mai irin wannan ƙafar yakan ƙara lamba don ya samu sarari. Da ka ƙara lamba dunduniya ta samu wurin motsi, ka rasa ainihin abin da ya sa takalmin ya yi suna. Idan lambarka ta matse ka a gefe, ba naka ba ne, komai son da kake yi masa.

Sai maganar jabu, wadda ba a iya tsallake ta. Ƙarancin Kobe da tsadarsa sun sa ya shiga sahun takalman da aka fi kwaikwaya, kuma masana'antun da ke wannan aiki, irin waɗanda suka sa birnin Putian na lardin Fujian ya yi ƙaurin suna, sun ƙware har hoto ba ya rarrabewa. Sabon Kobe 4 a kwali, kowace lamba akwai, kowane launi akwai, a farashin da bai kai na kantin Amurka ba, wannan ya riga ya faɗi sunansa. Abin da ya dame ni da jabu shi ne ɓangaren da ido ba ya gani. Ana iya kwaikwayon launi da ɗinki, amma ba ka da tabbacin akwai jakar iska a dunduniya, ko farantin da ke tsakiya kabon ne ko leda ce aka yi wa zane. Kana iya gwadawa: ƙwanƙwasa farantin da farce ka ji ƙararsa, sannan ka murɗa takalmin kamar mai matse wanki. Na kirki zai yi maka gardama a tsakiya. Wanda ya murɗe salin-alin ba zai tare ƙafarka ranar da kake bukata ba.

Yanzu a yi lissafi, domin darajar takalmin wasa a yawan wasan da ya kai ka ake auna ta. A ɗauki misalin mutum biyu, kowanne yana fita sau uku a mako a kan siminti. Na farko ya sayi Protro dala 300 a hannun masu sari. A ce robar ta kai shi wata huɗu, wasa 48 ke nan, kowane fita ya ci masa sama da dala 6. Na biyu ya sayi na dala 80 mai kaurin roba, a ce ya kai shi wata takwas, wasa 96, kowane fita bai kai dala ɗaya ba. Misali ne kawai, kowa ya sa nasa alƙaluman, amma duk yadda ka juya su tazarar ba ta rufewa. Kuma takalmin dala 80 na yau ba abin rainawa ba ne. Giannis Immortality da ya fito a 2021 a wannan farashin gajeren wuya ne, marar nauyi, mai faɗin gefe, wato darussan da Kobe 4 ya koyar sun riga sun gangaro zuwa takalma masu araha. Wannan ma wani abin yabo ne ga Kobe da Avar, ko da yake shi ne ke rage dalilin biyan kuɗi mai yawa a kan nasu.

Akwai wanda ya hango wannan matsalar tun da daɗewa, kuma ɗan Najeriya ne. A 1995, Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, yana riƙe da kofin NBA biyu a jere tare da Houston Rockets, ya sa sunansa a takalmin Spalding da ake sayarwa dala 34.99 a kantunan talakawa. Dalilinsa shi ne uwa mai 'ya'ya uku da ke aikin ƙarfi ba za ta iya sayen takalmin dala 120 ba. Stephon Marbury ya maimaita irin haka a 2006 da nasa na dala 14.98, har ya buga wasannin NBA da shi. Ba ina cewa waɗannan sun kai Kobe 4 aiki ba. Abin da suka nuna shi ne sunan da ke jikin takalmi da kuɗin da aka kashe wajen ƙera shi ba tare suke tafiya ba, kamfani ne ke yanke yawan ribar da sunan zai ɗauko.

Wanda zan ce ya sayi Kobe 4 Protro don wasa shi ne ɗan baya, wato mai sarrafa ƙwallo daga nesa da kwando, mai sauri, marar nauyi, mai siririyar ƙafa, wanda ke samun daɓen katako ko na roba a kai a kai, kuma ya same shi a farashin kanti ko kusa da haka daga hannun da ya amince da shi. Irin wannan ɗan wasan zai ji daɗinsa ƙwarai, kuma ya ware shi don ranar gasa, ya nemi wani na atisaye. Na gwanjo da ya tsallake duk gwajin nan, idan kuɗinsa bai wuce na sabon takalmi mai araha ba, a ɗauka, tare da sanin cewa Protro na 2019 ma ya fara manyanta kuma gam ɗinsa yana bukatar dubawa kafin kowane wasa. Senta mai jiki da ke wasa a ƙarƙashin kwando, da wanda gwiwarsa ke ciwo, da duk wanda filinsa siminti ne, su nemi mai kaurin soso a gaba da roba mai tauri. Wanda kuma ya taɓa yin targaɗe, ya rage wani abu daga kuɗin takalmin ya sayi abin ɗaure idon sawu mai igiya, ya riƙa atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya kafin ya shiga fili.